Akwatin gwajin lantarki da na sayo wa Ummi a Terminus

A wani shagon kayan wasan yara kusa da Terminus, nan Jos, na sayo wa Ummi, 'yar shekara bakwai, wannan akwati. A ciki akwai mazaunin batir biyu na AA, wayoyi masu matsewa a baki, makunni, 'yar fanka da ƙananan fitilun LED.

Fitilun nan su suka fi burge ni. Kowace tana da doguwar ƙafa da gajera, kuma sai doguwar ta haɗu da ɓangaren batir mai alamar + za ta kama. Da kanta Ummi ta gano haka, ai kuwa ta cika gida da ihu. Daga nan ta bi cokali, makulli da silifas tana saka su tsakanin wayoyin: ƙarfe ya kunna fitila, roba ko gezau.

Ƙarfin wutar batir biyu bolt 3 ne kacal, ba ya jan yaro. Na soket kuwa 230 ne, don haka na ja mata kunne sosai.

Inda suka gaza: ba su saka batir ba, wayoyin sirara ne, ɗaya ma har ta tsinke, kuma takardar bayanin ba ko kalmar Hausa. Duk da haka, zan sayo wa ƙaninta nasa in ya ƙara wayo.