Kafin ka biya a koya wa na'ura muryar mai sanarwarku

A nan Tahoua masu gidajen rediyon karkara sun fara cigiyar manhajar da za ta karanta sanarwa da muryar ma'aikacinsu, alhali sautin da ke hannunsu bai wuce ƴan mintoci ba. Ga abin da nake faɗa musu.

Abin da ya fi ɗaukar ido shi ne kwaikwayon nan take, wato manhaja ta ji ɗan guntun muryar mutum ta kwaikwaye ta. VALL-E da Microsoft ya bayyana a 2023 daƙiƙa 3 na murya ke isarsa, amma da awa 60,000 na Turanci aka raine shi. XTTS na kamfanin Coqui daƙiƙa 6 yake nema, harsuna 17 ya iya, babu Hausa a ciki. Irin wannan yana kama amon mutum sarai, sai dai bakin na Bature ne: ƙ ta koma k, ɗ ta koma d. Tsohuwa a Illéla tana ji za ta ce wannan ba ɗan gida ba ne.

Ni na fi son a samo samfuri, wato tsarin magana na kwamfuta, wanda ya riga ya ji Hausa, a ƙara masa horo da muryar mutuminku. MMS da Meta ya fitar a 2023 yana magana da harsuna fiye da 1,100, har da namu. Amma karanta lasisinsa da kyau, ya hana kasuwanci. In kuna karɓar kuɗin talla, ba naku ba ne. Sautin Hausa na BibleTTS, tarin karatun Baibul da aka fitar a 2022, an ɗauke shi a situdiyo, kuma sharaɗinsa ya fi sauƙi: ka ambaci masu shi, abin da ka gina ka fitar da shi a kan wannan sharaɗin. In aka horar da Piper, wata manhajar mai da rubutu murya, a kansa, ƙaramar kwamfuta ma tana ɗaukarsa ba tare da intanet ba. Wahalarsa dai sai an sami gwani da na'ura mai ƙarfi lokacin horon.

Kowanne aka kawo maka, rubuta masa "An kai gari cikin gari" ka kasa kunne. Rubutunmu ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, nan ake gane wanda ya iya. Gwada shi kuma da "tahi" da "hwari" irin namu na Adar, don da daidaitacciyar Hausa aka koyar da su.

Wajen ɗaukar sautin, makirfo ɗaya, ɗaki ɗaya, a kashe fanka, a yi da sassafe kafin kabu-kabu su fito. Mai muryar kuma ya sa hannu a takarda: me za a karanta da ita, har zuwa yaushe.