Dodo ɗaya ko rundunar dodanni?

A fadarmu ta Birni, nan Damagaram, shayi ya huce muna gardama kan fina-finai biyu, Alien na 1979 da Aliens na 1986. Samari sun fi son na biyu, wanda James Cameron ya shirya: sojoji, harbe-harbe, dodanni rututu har da uwarsu mai zuba ƙwai. Yana da daɗi, ban musa ba.

Ni dai na farkon, wanda Ridley Scott ya shirya, shi ne ya kama ni. Mutum bakwai cikin jirgin sararin samaniya, dodo ɗaya tak, jininsa ma narka ƙarfe yake yi, ga shi da kyar ake ganinsa. Daren da na kalli inda ya fasa ƙirjin ɗaya daga cikinsu ya fito ana tsakar cin abinci, sai da ƙanena ya raka ni gida da tocila.