Daga Pune: gidajen da suka gaji sarrafa duma

Yaya, bayan gaisuwa, a gaida min su Inna. Ka ce in riƙa gwada maka kayan Indiya da namu. Zancen shinkafa da yadi sai wani jiƙon, yau na duma ne.

Akwai wani gari Miraj a kudancin jihar Maharashtra, jirgin ƙasa na zuwa daga nan Pune. Can ake haɗa sitar da tanpura, kayan kiɗan nan masu dogon wuya da muke gani a finafinansu. Yawancin masu sana'ar Musulmi ne, gado ne tun ƙarni na 19. A 2024 gwamnati ta yi wa kayan rajista da sunan garin, kada wani ya yi jabu ya ce na Miraj ne.

Cikin sitar duma ne kamar na gurmi, sai dai nasu ƙato, don wannan aikin ake nomansa a wajajen Pandharpur. Tsirkiya kusan 20 ce, ta ƙarfe, 6 ko 7 ake kaɗawa, sauran da kansu suke amsawa.

Inda suka fi mu shi ne ciniki ba ya ƙarewa ranar biya. Ɗan abin nan mai kama da matashin kai da tsirkiyoyin ke kwanciya a kansa yakan cinye, murya ta dushe, sai a mayar wa mai haɗawa ya goge shi a hankali, yana kaɗawa yana saurare. Wannan aikin suke kira jawari, kuma makaɗi ba ya yarda da hannun kowa. A gida mai gurmi ko kukuma shi ke ɗinke fatarsa in ta fashe. Namu ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma ba jira. Nan mai kyau sai an yi oda an zauna.

Su ma makaɗan gida-gida ne. Vilayat Khan, makaɗin sitar da ya rasu a 2004, ɗan Inayat Khan ne, jikan Imdad Khan, ga ɗansa Shujaat yana kaɗawa har yau. Gadon kiɗa ba baƙonmu ba ne, amma a ce gidan masu haɗa kayan ma ya yi suna har a ƙetare, wannan kam ban saba gani ba. Kukansu ɗaya: ɗalibai sun koma kunna tanpura a waya.

Kawu da ya ce in taho masa da guda, ka ba shi haƙuri. Duma ne, ba zai jure jifar masu lodin jirgi ba.