Kusan wata guda ina shan bitamin C mai narkewa a ruwa, ga yadda muka kwashe

Tun farkon hunturu na fara shan bitamin C ɗin nan na cikin doguwar roba, mai ƙwaya 20, wanda ake jefawa a kofin ruwa yana tafarfasa kamar lemon kwalba. Miligiram 1000 ne duk ƙwaya ɗaya. Dalilina biyu ne, ni mutum ce da sanyi yana shigowa mura take kama ni har sai an yi zafi, na biyu kuma ba zan ɓoye ba, kullum ina jin mata suna cewa yana gyara fata yana sa ta sheƙi. Na saya a kemis ɗin unguwarmu, na duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa duk lafiya lau.

Ɗanɗanonsa dai ba laifi, lemo-lemo ne da ɗan tsami, yana narkewa cikin minti biyu zuwa uku, kuma ga wanda haɗiyar ƙwaya ke ba wahala irina ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Sai dai in ka bar murfin a buɗe ko ka taɓa da jiƙaƙƙen hannu sauran sukan yi laushi su manne.

Sati uku na farko ɗaya nake sha da safe bayan karin kumallo, ban ga wata matsala ba. Da murar ta zo duk da haka sai na ƙara, ɗaya safe ɗaya dare, ga kuma 'yan ƙananan nan masu ruwan lemo na miligiram 100 da muke tsotsa tun muna yara, suna cikin jakata ina jefa huɗu biyar a baki a wuni, ga maganin ƙarin jini da nake sha shi ma ashe akwai bitamin C a ciki ban taɓa karanta kwalin ba. Kwana kamar shida a haka cikina ya fara murɗawa, ƙwannafi da daddare, sai gudawa. Na ɗauka abincin biki ne da na ci wallahi, har na daina shan fura na kwana biyu ba canji.

Yayata da ke aiki a ɗakin magani na asibiti ce ta gano, ta zo gidana ta ga robar a kan firji ta ce nawa kike sha a rana? Da muka lissafa tare ya haura 2,500. Ta ce ke kuwa me kike nema haka, babban mutum iyakarsa 2,000 a rana kuma wannan iyaka ce, ba wai adadin da ake so a kai ba. Na ce Yaya ai an ce ba ya illa tunda fitsari yake bi. Ta ce eh yana bin fitsari, amma kafin ya kai can ta hanji yake wucewa, wanda hanji bai tsotse ba shi ke jawo ruwa ya sa gudawa.

Abin da ya fi ba ni mamaki ƙanƙantar abin da jiki ke buƙata. Mace miligiram 75 a rana, namiji 90, mai ciki 85, mai shayarwa 120, mai shan sigari a ƙara masa 35. Cibiyar masana lafiya ta Amurka ce ta fitar da waɗannan a shekarar 2000, a Ingila ma 40 kawai suke cewa ya isa. Wato ƙwaya ɗaya ta 1000 ta ninka buƙatata sau goma sha uku. Kuma in ka wuce 1000 a rana abin da jiki ke tsotsewa ba ya kai rabi, sauran asarar kuɗi ce, ga shi yanzu roba ɗaya ba arha ba.

Maganar yara ce ta fi tsaya mini a rai, don 'yata mai shekara uku tana son ruwan nan sosai, sau biyu na taɓa miƙa mata kofina ta shanye kusan rabi. Iyakar ɗan shekara 1 zuwa 3 miligiram 400 ne, 4 zuwa 8 kuma 650, 9 zuwa 13 shi ne 1,200. Rabin kofina kaɗai ya wuce nata. Har yanzu in na tuna raina ba ya mini daɗi, mu iyaye muna ganinsa kamar alawa ne shi ya sa.

Ta kuma ja mini kunne a kan wasu mutane, wanda ya taɓa yin tsakuwar ƙoda ko yake da ciwon ƙoda, saboda jiki yana mayar da wani ɓangare na bitamin C wani sinadari da ke haɗa tsakuwa, sai masu sikila da ake yawan yi wa ƙarin jini tunda yana ƙara tsotsar sinadarin ƙarfe su kuma ya riga ya taru musu. Masu hawan jini su ma su duba kwali, irin mai tafarfasar nan akwai sinadarin gishiri a cikinsa. Duk waɗannan su tambayi likitansu tukuna.

Murar fa? Ta yi kwanakinta ta tafi, ina jin ta ɗan fi saurin sakina a kan na bara amma bai hana ta zuwa ba. Fata kuma gaskiya ban ga wani haske ba, abin da na lura kawai leɓena bai tsage sosai ba bana, shi ma ina zargin yawan ruwan da nake sha da shi ne.

Da na tsaya kwana biyu cikina ya lafa. Yanzu na koma ƙaramin na 100 guda ɗaya, shi ma ba kullum ba, ranar da na samu gwaiba ko lemo ko gwanda ba na sha, gwaiba ɗaya mai kyau ta wuce buƙatar wuni. Sauran ƙwaya bakwai da suka rage a roba ta biyu na ɗaga su can saman kabad inda yarinyar ba za ta kai ba, in maki ne cikin biyar to uku zan ba shi, kuma ba na jin zan sake sayen na 1000 ɗin sai dai in likita ne ya rubuta mini.