Firjin motar tafi-da-gidanka: wanne ne ke jure dogon zama a ajiye?

A Ingila da Jamus da Holan da Ostireliya, mutane da yawa na jan karaban, wato ɗakin kwana mai taya, a bayan mota, wasu kuma su sayi mota mai gado da kicin a ciki su tafi hutu. Makonni kaɗan ake yi a hanya, sauran shekara motar na tsaye a bayan gida ko a filin ajiya, kuma a wannan zaman ne firji ya fi lalacewa. Saboda haka duk mai niyyar saye, ko a can yake zaune ko gwanjon ne ya iso masa a kwantena, ya fara tambayar kansa yadda firjin zai tashi bayan wata huɗu a kashe.

Iri uku ne a kasuwa. Akwai ɗan akwatin nan marar kwamfureso, mai fanka da farantin Peltier, wanda gefensa ɗaya ke sanyi ɗayan ke zafi idan wuta ta bi ta cikinsa. Digiri 15 zuwa 20 kawai yake iya ragewa daga zafin waje, yana zuƙar amp 4 zuwa 5 ba hutu. Idan gari ya kai digiri 40, cikinsa na wajen 22, alhali nama da madara na buƙatar digiri 5 ko ƙasa. A bar shi wa masu sanyaya lemo.

Na biyu shi ne mai hanya uku: gas, wutar gida ta volt 230, da batirin mota na volt 12. Shi ne aka fi samu a karaban na Turai, kamfanonin Dometic da Thetford ne suka fi yin sa. Wasu ɗalibai biyu 'yan Suwidin, Baltzar von Platen da Carl Munters, suka ƙirƙiro shi a 1922, Electrolux ya fara sayar da shi a 1925. Wanda ya san firjin kananzir da a da ake ajiye allurar rigakafi a ƙananan asibitocin karkara ya san danginsa, aikinsu ɗaya. Ba injin da ke motsi a ciki. Zafi ne ke tafasa ruwan amoniya a wata 'yar tukunya, tururin ya zagaya bututu tare da iskar haidurojin, ya dawo ƙasa da nauyinsa. Ba ya yin ƙara ko kaɗan, kuma gas ɗin da yake ci bai wuce giram 250 zuwa 400 a yini ba, gwargwadon girmansa. Alherinsa ke nan, kuma ba ƙarami ba ne ga wanda zai yi mako a inda babu wuta.

Sai dai sharuɗɗansa sun yi yawa. Dole motar ta tsaya daidai. Idan ta karkata fiye da digiri 3 gefe da gefe aka bar shi a kunne, ruwan ba ya komawa tukunyarsa, tukunyar ta ɗauki zafi fiye da kima, maganin tsatsar da ke cikin ruwan ya daskare ya toshe bututu. Wannan toshewar ba ta warkewa, kuma a hankali take taruwa, mai shi bai sani ba. A batir yana jan kusan amp 10 ba tsayawa, shi ya sa ake haɗa shi yadda sai injin mota na aiki zai sami wuta. In ba haka ba, cikin awa biyar ya cinye rabin batiri mai 100Ah (Ah ma'aunin yawan cajin batiri ne). Yana buƙatar awa 8 zuwa 12 kafin ya yi sanyi. Zaman ajiya kuwa shi ne babban makiyinsa. Gizo-gizo kan yi saƙa a bakin murhun gas ɗinsa, zanzaro ya yi gini a bututun hayaƙi, ɓarɓashin tsatsa ya zubo kan kafar gas. Wutar da ya kamata ta zama shuɗiya sai ta koma ruwan ɗorawa, tana baƙin hayaƙi, tana fitar da iskar nan mai kisa marar wari, wato carbon monoxide. A ɗakin da mutane ke kwana taku biyu daga firjin, wannan ba abin wasa ba ne. Duk shekara sai ƙwararren mai aikin gas ya share murhun da bututun, kuma dole a maƙala na'urar gargaɗin wannan iska a cikin motar.

Na uku, wanda nake ba kowa shawara a kai, shi ne mai kwamfureso na volt 12 ko 24. Aikinsa irin na firjin gida ne, an dai ƙera injin don ya jure girgiza da karkata har kusan digiri 30. Cikin awa ɗaya ya yi sanyi, kuma zafin gari bai cika karya shi ba muddin bayansa na shan iska. Mai lita 40 zuwa 50 na jan amp 3 zuwa 4 idan injin ya tashi, yana yi yana hutawa, a yini ya ci wajen 25Ah zuwa 35Ah a yanayi matsakaici, a tsananin zafi kuma ya iya ninka haka. Faifan sola mai wat 150 na ɗaukar nauyinsa inda rana take. Injin da ya yi suna shi ne BD35F na Danfoss, wanda tun 2010 ake sayarwa da sunan Secop, sai kuma injin Sawafuji na Japan da ke cikin firjin Engel. A duba harafin yanayi a takardar da ke manne a jikinsa: N na aiki zuwa digiri 32, ST zuwa 38, T zuwa 43. Wanda zai kai shi Kano ko Damagaram ko Agadas kada ya karɓi abin da bai kai T ba.

Abin da ya fi jan hankalina gare shi shi ne sauƙin ajiya. A kwashe komai, a kashe, a buɗe ƙofa ƙanƙara ta narke da kanta. Kada wuƙa ko sukuddireba ta taɓa farantin ƙanƙara, huda ɗaya gas ɗin da ke kawo sanyi ya tafi. A wanke da ruwan ɗumi lita ɗaya da babban cokali ɗaya na hodar bekin soda, a bi lungunan robar ƙofa da tsohon buroshin haƙori, domin nan ruwan nama ke maƙalewa. A zura siririyar waya a kafar magudanar ruwa, a tsane ko'ina da busasshen ƙyalle. Sannan a bar ƙofa a ɗan buɗe. Firji masu kyau na zuwa da makulli mai matsayi biyu, ɗaya na tafiya, ɗaya na ajiya da ke barin tazarar yatsa. Wannan ɗan makullin ya cancanci a zaɓi firji saboda shi. Firjin da aka rufe ruf da danshi a ciki, kafin wata guda funfuna ta yi baƙi a robar, warin kuma ya shige jikin filastik yadda sabulu ba ya fitar da shi.

Rauninsa batir ne. Ko a kashe yake, allonsa na iya tsotsar wuta kaɗan-kaɗan, don haka a zare fis ɗinsa. Batirin ruwa ko na jel cike yana nuna volt 12.6 zuwa 12.7, idan ya sauka 12.2 ya kai rabi, a yi masa caji, kada a bar shi ya yi watanni a haka. Da yawa daga cikin firjin da ake cewa sun mutu, waya ce ta yi siriri. Injin na son tashi, wuta ta faɗi, ya ɗan yi ƙara ya mutu. A ja waya mai kaurin 4mm² kai tsaye daga batir, 6mm² idan nisan ya wuce mita huɗu, da fis na amp 15 kusa da batir. Soket ɗin kunna sigari ba abin dogaro ba ne.

Yanzu sai batun algus, domin nan kuɗin mutane ke salwanta. Ana sayar da akwatin Peltier a intanet da sunan mai kwamfureso. Ɗaga shi ka ji: na gaskiya mai lita 40 ya fi kilo 10, kuma idan ka leƙa ta ragar gefe za ka ga baƙar tukunyar injin da bututun jan ƙarfe. Ana kuma manna takardar Secop a akwatin alhali injin ciki na wani kamfani ne. Ba duk injin Sin ne marar kyau ba, amma a biya kuɗinsa, ba kuɗin Secop ba. Ka sa a kwance murfin, ka karanta lambar da ke jikin injin kansa. Lita ma ana ƙara mata gishiri: auna tsawo da faɗi da zurfin ciki da santimita, ka ninka su, ka raba da 1,000.

A gwanjo abin ya fi muni. Mai sayarwa kan kwana da ƙanƙara a cikin firji, da safe ya kwashe, ya jona wuta, ya ce ka taɓa ka ji. Kada ka yi cinikin biri a sama. Ka zo da ma'aunin zafi, ka sa a buɗe ƙofa har cikin ya yi ɗumi daidai da waje, sannan a kunna a gabanka. Mai kwamfureso ya sauka ƙasa da digiri 5 cikin awa ɗaya. Ka duba farantin ƙanƙara ko akwai tabon gam, alamar an huda an liƙe. Ka duba wane gas ɗin sanyi aka rubuta, R134a ko R600a. Idan ka ga sabon bakin ɗura gas da aka yi wa walda, an taɓa buɗe shi, kuma wasu masu gyara na ɗura wanda ya samu, alhali kowanne da irin man injinsa. Ka maƙale takarda a ƙofa ka ja ta gefe huɗu, inda ta zame ba turjiya robar ta mutu.

Mai hanya uku na gwanjo kuwa, leƙa bayansa da tocila. Garin hoda mai ruwan ɗorawa a kusa da tukunya, ko warin amoniya mai hawa ka, na nufin ya yoye, ya gama aiki. Mai gyaran firjin unguwa ba zai iya sake ɗura masa ba. Akwai masu kifa shi na kwana ɗaya ko biyu don ya farfaɗo, ya yi sanyi na ɗan lokaci har a karɓi kuɗinka. Ka duba ƙarfin gas da aka rubuta: na Turai na yanzu 30mbar ne, wasu tsofaffin na Jamus 50mbar, kuma regiletar da ba ta dace ba na ɓata wutar. Wanda ya fito daga Amurka na volt 120 ne, idan aka jona shi a 230 nan take zai ƙone. In mai kaya ya ƙi yarda a bar shi a kunne tun safe har la'asar, a kan gas da kuma a kan wuta, ka riƙe kuɗinka.