Kafin ka kashe kuɗi: me za ka saya don hoton ƙarƙashin teku ya fito kamar gaske?

Duk wanda ya taɓa gwada haɗa hoton ƙarƙashin ruwa a kwamfuta ya san abin da ke fitowa a karon farko: kifi yana shawagi cikin ɗaki mai shuɗin fenti, komai tas kamar an wanke. Sai mutum ya ɗora laifi kan manhaja, ya fara neman mai tsada. Alhali matsalar ita ce bai lura da yadda ruwa ke cinye haske ba.

Ja ne launin da ruwa ke fara haɗiyewa, kusan a mita 5 ya dushe. Ruwan lemo da rawaya su biyo baya, shuɗi ne ke daɗewa. Daga mita 200 zuwa ƙasa hasken rana ya kusa ƙarewa. Ga kuma dusar da ke yawo a ruwan, wadda ke sa abin da ke nesa ya ɓace kamar bishiya a hazon hunturu. Don haka da abu uku zan auna kowace manhaja: hazon ruwa, ragar hasken nan da ke rawa a kan yashi idan rana ta ratsa igiyar ruwa, da ɓurɓushin da ke shawagi gaban kyamara.

Blender zan fara da ita, kuma a nan zan fi daɗewa, don kyauta ce tun 2002 da aka buɗe ta ga kowa. Injin fitar da hoto biyu gare ta, Cycles da Eevee. Cycles yana bin haske ƙwaya-ƙwaya, hazon da yake bayarwa kuwa sai wanda ya gani; za ka kewaye wurin da akwati, ka cika shi da Volume Scatter da Volume Absorption (saituna biyu, ɗaya mai watsa haske, ɗaya mai haɗiye shi), sai launi ya riƙa mutuwa da nisa da kansa. Kuɗin da za ka biya shi ne lokaci. Hazo na sa hoto ya yi yashi-yashi, kafin ya washe kuwa firem ɗaya, wato hoto guda daga jerin hotunan da ke haɗa bidiyo, na iya cin mintuna masu yawa, kuma daƙiƙa ɗaya ta fim firem 24 ce. Eevee ya fi sauri nesa ba kusa ba, musamman tun da aka sake gina shi a Blender 4.2 a 2024. Kada a raina shi: da shi aka fitar da Flow, fim ɗin Latbiya mai cike da ambaliya wanda ya ci Oscar a 2025. Inda Blender ke ɗingishi shi ne ragar haske. Tun Blender 3.2 an saka wa Cycles hanyar lissafa ta, amma yawancin masu aiki dabara suke yi, su manna wa fitila zane mai motsi ta haska shi kan yashi. Mai kallo ba ya ganewa. Wanda ya dage sai ta gaskiya, ya ɗora LuxCoreRender, wani injin fitar da hoto, shi ma kyauta ne kuma ya ƙware a nan.

Unreal Engine 5, wadda Epic Games ta fitar a 2022, tata fa'idar daban ce: kana juya fitila kana ganin sakamako nan take. Zaren hasken da ke saukowa daga sama, hazo mai kauri, kumfa da ɓurɓushi ta hanyar Niagara, sashenta na ƙirƙirar irin waɗannan, duk kana gyarawa ido na gani. Kyauta ce ga wanda kuɗin shigarsa bai kai dala miliyan 1 a shekara ba. Kamfanin da ya wuce haka kuma ba wasan bidiyo yake yi ba, zai biya dala 1,850 kan kowane ma'aikacin da ke amfani da ita a shekara. Sai dai ba a ƙera kifi ko murjani a cikinta cikin sauƙi, dole ka koma Blender, kuma sauke ta kaɗai na cin gigabayit da yawa na data. Idan wasa kake ginawa, ko dogon bidiyo da ba ka da haƙurin jira, ita ce taka.

Houdini ta kamfanin SideFX da ke Toronto ita ce ta manyan ɗakunan fim idan ana maganar kumfa, turɓayar da ke tashi daga ƙasan teku, ko garken kifi dubbai da ke juyawa tare. Koyonta sai an ɗaure, ba aikin mako ɗaya ba ne. Akwai nau'inta na kyauta mai suna Apprentice, amma tana buga tambari kan hoto kuma ba a kasuwanci da ita. Nau'in Indie kuwa ana biya duk shekara, ga wanda kuɗin shigarsa bai haura dala 100,000 ba. Ga mai farawa, sayen ta tamkar sayen tirela ne don kai cefane gida. Manhajar Cinema 4D da injinta na fitar da hoto, Redshift, kuwa suna da daɗin hannu ga masu tallace-tallace, sai dai haya ce da dala wata-wata ko shekara-shekara, kuma ban ga abin da za su yi wa ruwanka da Cycles ba zai yi ba.

To ina kuɗin ya kamata ya tafi? Katin hoto, wato sashen kwamfuta da ke lissafa hoto. Na NVIDIA masu RTX sun fi dacewa da Cycles saboda OptiX, fasahar NVIDIA da ke hanzarta lissafin haske, kuma abin dubawa na farko shi ne yawan ma'adanar katin. RTX 3060 mai gigabayit 12 ya fi ɗaukar wuri mai cunkoson murjani da ciyayi fiye da RTX 4060 mai 8. Amma 4060 ya fi sauri, kuma wat 115 yake ci, 3060 kuwa 170, wanda mai aiki da sola ko inbata ya san bambancinsu da dare. A kula a kasuwa: akwai 3060 mai gigabayit 8, na laftof kuma 6 ne kacal, duk da sunan iri ɗaya. Ka sa mai shago ya kunna ka gani da idonka.

Wani abu da ba a saya amma yana ceton rai: ka riƙa fitar da aikinka firem-firem a matsayin fayil ɗin hoto na PNG ko EXR, ba bidiyo guda ba. In an ɗauke wuta bayan firem na 300, daga 301 za ka ci gaba. Sannan ka haɗa su a DaVinci Resolve, manhajar tace bidiyo, wadda ta kyautarta ta ishe ka, a can za ka rage ja, ka ɗan dusashe gefuna, ka ƙara 'yar girgizar kyamara irin ta mai nutso.

Ni dai da za a ba ni kuɗi yau, Blender zan sauke, in sayi kati mai gigabayit 12 da batir mai kyau. Kafin in taɓa komai kuma zan yanke wane ruwa nake nufi, don na Bahar Maliya shuɗi ne garau ana hango nesa, na madatsar Tiga kuwa da damina hannunka ma da ƙyar za ka gani.