Makirfon Kai Mara Waya Mai Guda Huɗu: Ya Isa Wasan Kwaikwayon Yara a Legas?

Makarantun Hausawa a Agege, Idi-Araba, Obalende da Mile 12 sun daɗe suna fama da abu ɗaya a duk lokacin da aka shirya wasan kwaikwayo, ko na ƙarshen zango ne, ko na walimar sauka, ko na Ranar Yara ta 27 ga Mayu. Yara sun haddace maganarsu tsaf, amma iyayen da ke layi na biyar ba sa jin ko kalma ɗaya. Sai a ba su makirfon hannu guda su riƙa miƙa wa juna, kuma ba yadda za a yi yaro ya yi fushi ko kuka a wasa yana tsaye yana jiran a miƙo masa makirfo. Wannan ne ya sa malamai da dama suka koma sayen kayan nan da ake tallarsu a kasuwar Alaba International da ke Ojo: akwatin karɓar sauti guda ɗaya mai eriya, ƙananan akwatunan ƙugu guda huɗu masu aika masa murya, da makirfon da ake saƙalawa a kai guda huɗu.

Hukuncin a taƙaice shi ne kayan sun isa wasan makaranta, amma sai in an rubuta wasan daidai da su, an kuma kashe kuɗi a kan batir. Wanda ya saye su da tunanin kowane yaro cikin ashirin zai samu nasa, ya yi asarar kuɗinsa tun a shago.

Sunayen da ke jikin kwalayen ba abin dogaro ba ne. Kaya iri ɗaya sukan fito da suna uku ko huɗu, wasu ma har da tambarin Shure ko Sennheiser alhali jabu ne. Na gaskiyar suna da kyau ƙwarai, sai dai kuɗin makirfo ɗaya nasu yakan kai ko ya wuce kuɗin waɗannan huɗun gaba ɗaya, don haka idan aka ce maka ga Shure mai guda huɗu a farashin rahusa, ka riga ka san amsar. Abin da ya kamata a duba yana bayan akwatin karɓa. Wasu suna da mafitar sauti guda ɗaya tak, ta babban filogi mai faɗin milimita 6.35, wadda ta haɗe muryoyi huɗun wuri guda. Wasu kuma ban da wannan suna da mafita huɗu masu ƙafa uku, irin waɗanda ake kira XLR, kowane makirfo da tasa. A sayi na biyun ko da ya fi tsada. Dalili kuwa muryar yara ba ta zuwa daidai: wani ɗan shekara goma sha huɗu muryarsa ta fara buɗewa, wata 'yar shekara takwas kuma da ƙyar ake jin ta. In duk sun bi ta waya ɗaya, mai kula da miksa, wato na'urar haɗa muryoyi da daidaita ƙarfinsu, ba shi da ikon ɗaga ɗaya ya rage ɗaya, kuma ba zai iya rufe makirfon yaron da ya sauka daga dandamali ba. Nan ne ake jin ɗan wasa a bayan labule yana tambayar ina hularsa, jama'a na dariya a tsakiyar wurin da ya kamata a yi shiru.

Abu na biyu shi ne zangon igiyar rediyon da makirfon yake aika murya ta kansa, wanda ake aunawa da MHz ko GHz. A guji masu VHF, masu dogayen eriya na ƙarfe da ake zarowa, domin sun fi saurin kwaso hayaniya. Masu UHF sun fi, amma su ma akwai waɗanda igiyarsu a kafe take, ba a iya canza ta. A garin da tashoshin talabijin suka yi yawa irin Legas, kuma kamfanonin waya suna aiki a zangon 700 da 800 MHz, makirfon da ba ya sauya tasha caca ne. Yana iya yin lafiya a shago a Ojo, a kai shi Agege ya riƙa yankewa. A nemi mai maɓallin sauya tasha, wanda lambobinsa suke tsakanin MHz 500 da 600 da wani abu. Akwai kuma masu 2.4 GHz, muryarsu tana fita tas, amma hanya ɗaya suke bi da Wi-Fi da Bluetooth, kuma a ɗakin da iyaye ɗari biyu suka ɗaga wayoyi suna ɗaukar bidiyo, ba a ba da tabbaci a kansu.

Kada a biya kuɗi sai an gwada, kuma gwajin da mai shago yake yi, wato ya kunna ɗaya ya ce "halo, halo" yana tsaye kusa da akwatin, ba gwaji ba ne. A kunna huɗun gaba ɗaya, domin igiyoyinsu kan shiga juna ne idan duk suna aiki. Mutum ɗaya ya rataya akwatin ƙugu a bayansa, ya yi tafiyar taku talatin yana magana, ya juya baya, ya juyo. Jikin mutum yana tare igiyar rediyo, shi ya sa wanda ya yi kyau a hannu yake yankewa idan ya koma ƙugu. Sannan a kashe akwatin ƙugu ɗaya alhali sifika na kunne. Mai kyau zai yi tsit, mara kyau zai saki wani ƙaran "shhh" mai tsinka zuciya, kuma haka zai yi a tsakiyar wasa duk ranar da batir ya mutu. A girgiza makullai kusa da bakin makirfon: idan ƙarar ta fito a daddage tana tsatsa, haka zai yi da ihun yara da tafi. Daga ƙarshe a murza wayar a daidai inda ta shiga filogi, a saurara ko akwai ƙas-ƙas. A karɓi rasit mai lambar shago da layinsa, domin 'yan kamasho sun yi yawa a bakin kasuwar, kuma wanda ya kawo maka kaya daga "wani shagonmu" ba lalle ka sake ganinsa ba.

Muryar da kayan suke bayarwa, idan an saita su, ta wadatar ga magana. Tana da ɗan kauri a ƙasa da ɗan kaifi a sama, ba ta dace da waƙa mai laushi ba, amma kalmomi suna fita. Danna maɓallin yanke ƙasan sauti da ke kan miksa, wanda yawanci yake a 80 ko 100 Hz, yana kawar da gurnanin iska da takun ƙafa ba tare da ya taɓa muryar yaro ba.

Babban aibinsu shi ne ƙarfen da ake saƙalawa a kai. Don kan babban mutum aka ƙera shi. A kan ɗan firamare yana zamewa, bakin makirfon ya faɗo haɓa ko ya haye hanci, yaro ya shagala da gyara shi ya manta layinsa. Ana iya lanƙwasa ƙarfen a hankali ta ƙeya don ya matse, sannan a manne sandar a kunci da farar filastar asibiti mai kama da takarda, wadda ake samu a kowane kemis kuma ba ta cin fata. A goge zufa kafin a manna, in ba haka ba minti biyar ba za ta yi ba. Bakin makirfon ya tsaya a gefen baki, tazarar yatsu biyu daga kusurwar leɓe. Idan ya zo gaban baki, duk "b" da "f" sai sun buga kamar an doki ganga, numfashin yaron da ya yi gudu kuma ya cika ɗakin.

Ga 'yan mata masu hijabi akwai ƙarin aiki da masu ƙera kayan ba su yi tunaninsa ba. In makirfon ya shige ƙarƙashin yadi, murya tana dushewa, yadin kuma yana gogar sa duk motsi. Abin da ke aiki shi ne a saƙala ƙarfen a ciki, a fito da sandar ta gefen fuska, a kama yadin da ƙaramin fil don kada ya rufe ta. Malama ce za ta sa wa 'yan mata, a keɓe musu wuri, kuma a lissafa wannan lokacin cikin shiri. Haka mai rawani da mai gemun auduga: auduga tana shiga soson makirfo, sai a rage gemun ta ɓangaren da sandar take. Akwatin ƙugu kuwa maƙalinsa na bel ne, yara kuma da wandon zariya ko zane suke wasa. Tela zai iya ɗinka ɗamara ta roba mai faɗin yatsu huɗu da ɗan aljihu, guda shida ko takwas, a ɗaura a kan singileti ƙarƙashin kayan wasa. A bar eriyar akwatin a miƙe, kada a naɗe ta, kada kuma ta manne da fata mai zufa.

Batir ne yake kunyata mutane fiye da komai. Kowane akwatin ƙugu yana cin AA guda biyu, takwas ke nan a zubi ɗaya. Batiran rahusa na tocila da ake sayarwa a tebur ba sa ɗaukar wannan aiki, ƙarfinsu yana faɗuwa da wuri, kuma alamar farko ita ce nisa ya ragu, sauti ya fara yankewa idan yaro ya je ƙarshen dandamali, mutane su ɗauka makirfon ne ya lalace. A sa batira masu rubutun "alkaline" sababbi fil kafin a buɗe labule, waɗanda aka yi gwaji da su jiya a ajiye su don gwaji. Masu caji na NiMH suna yi, kuma sun fi araha ga makarantar da ke wasa duk zango, sai dai ƙarfin wuta volt 1.2 suke bayarwa maimakon 1.5, saboda haka alamar batir a jikin akwatin takan nuna rabi ko da an cika su. Awannin da aka rubuta a kwali kada a gina shiri a kansu.

Kukan sifika kuwa yawanci ba laifin kayan ba ne. Sifikoki su kasance a gaban layin da yara suke tsayawa, suna kallon jama'a. Masu haya sun saba jera su a bangon baya saboda kiɗan biki, kuma a wasan kwaikwayo wannan kuskure ne, domin makirfon zai riƙa jin kansa. Duk lokacin da aka ninka yawan makirfon da ke buɗe, ƙarfin da za a iya ɗagawa kafin kuka ya tashi yana raguwa da kusan desibel 3 a ma'aunin ƙarfin sauti. Huɗu a buɗe sun fi ɗaya kusa da kuka nesa ba kusa ba, musamman a aji mai siminti da rufin kwano. Akwatin karɓa ya zauna kusa da dandamali, a kan wani abu da ya fi kan mutane tsawo, eriyoyinsa a buɗe kamar harafin V, ba a ƙarƙashin tebur a bayan taro ba. Janareta a nesa, miksa da sifika da akwatin karɓa su sha wuta daga soket guda don gudun gurnani, kuma sifika ce ƙarshen kunnawa, farkon kashewa. In ana tsammanin sauya wuta daga NEPA zuwa janareta a tsakiyar wasa, gara a fara da janaretan tun farko.

Sai batun rubutun wasan, wanda a nan ne kayan suke cin riba ko su zama banza. Malamin da ke rubuta sabon wasa don ɗalibansa yana da damar da mai ɗauko tsohon rubutu ba shi da ita: yana iya tsara kowace fitowa da masu magana huɗu ko ƙasa da haka. Sauran yara ba a bar su a baya ba. 'Yan kasuwa, 'yan aji, fasinjojin motar haya ta danfo, duk suna iya magana a tare da murya ɗaya, ko su yi amshi irin na tashe, wanda ba ya buƙatar makirfo ko kaɗan. Cire makirfo daga kan yaro a mayar kan wani yana cin kusan minti biyu idan da filasta da hijabi, don haka marubuci ya sa waƙa ko mai ba da labari a tsakanin fitowa, shi mai ba da labarin a ba shi makirfon hannu mai waya, wanda ba ya mutuwa. Jarumai biyu da ke cikin kowace fitowa su riƙe nasu daga farko har ƙarshe, biyu ne kawai za su riƙa yawo. A naɗa wa kowane akwati salatif mai launi daban, a manna irin launin a kan maɓallinsa a miksa, a kuma ba mai miksa kwafin wasan da aka ja wa layi inda kowane launi zai buɗe da inda zai rufe. Babban ɗalibi mai natsuwa ya fi mai kiɗan haya iya wannan aiki, don shi ya halarci gwaji ya san wasan.

Wani abu da ake mantawa: yaron da ya saba da makirfo tun ranar farko yakan daina buɗe murya. A yi makonnin farko na gwaji babu shi, malami yana tsaye a ƙarshen fili yana cewa a maimaita har ya ji, a kawo kayan a gwaji biyu na ƙarshe kawai, da cikakkun kayan wasa a jiki. Ɗan Legas da Hausarsa ta cakuɗa da Yarbanci da Burokin yakan haɗiye ƙarshen kalma idan yana sauri, makirfo kuma ba ya gyara wannan, ƙara fito da shi yake yi.

Makarantar da ke wasa sau ɗaya a shekara haya ta fi mata, da sharaɗin mai kayan ya zo gwajin ƙarshe, ba ranar biki kaɗai ba. Wadda ke yi duk zango, ko ƙungiyar matasa da ke zagaya unguwanni, saye ya fi, tare da makirfon kai biyu na ajiya masu filogi iri ɗaya da na asalin, domin siririyar wayar ce take fara tsinkewa, kuma filogin wani kamfani ba ya shiga na wani ko da sun yi kama. Bayan wasa a zare batir daga kowane akwati, a wanke sosunan da ruwan sabulu a shanya, a ajiye komai a roba mai murfi tare da 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin takalmi. Iskar Legas mai laima da gishiri tana sa maƙalin batir ya yi tsatsa a cikin damina ɗaya, kuma batirin da aka manta a ciki ya zubo ruwa, akwatin ya tashi aiki.